Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Noma na Ireland kan Takardun Hukumar Filaye

Mai girma Minista, gaisuwa da fatan alheri.

Maganarmu ɗaya ce, kuma ba baƙuwarka ba ce: miliyoyin takardun tsohuwar Hukumar Filaye da ma'aikatarka ta garƙame a garin Portlaoise. An kafa hukumar a 1881 don ta yanke wa manoma 'yan haya kuɗin da ya dace su biya. Bayan dokar Wyndham ta 1903 da dokar 1923, ta hannunta gonakin manyan masu ƙasa suka koma hannun masu noma su. Ta daina sayen fili a 1983, aka rushe ta a 1999. Hukuma ta mutu fiye da shekara 25, amma duk ɗan majalisar da ya tambaya a Dáil, wato majalisar wakilan Ireland, amsa ɗaya yake samu: wai har yanzu takardun aiki ne.

Ranka ya daɗe, wane aiki hukuncin hayar da aka yanke a 1885 yake yi maka a ofis?

Ba mu musanta cewa lauyoyi suna neman wasu fayilolin ba. Rigimar iyaka, haƙƙin hanya, makiyayar haɗaka, haƙƙin yankan baƙar ƙasar fadama da ake hura wuta da ita, duk suna iya komawa kan taswirar hukumar. Sai dai wannan dalili ne na yin kwafi, ba na kulle ƙofa ba. Dokar Taskar Tarihi ta 1986 ta ce takardar gwamnati da ta shekara 30 a miƙa ta, ta bar kafa ga wadda ake amfani da ita yau da kullum. Kafar nan ce aka faɗaɗa har raƙumi da kayansa ya wuce.

Ka san abin da ya faru ranar 30 ga Yuni 1922, da gobara ta cinye ofishin ajiyar takardu a harabar Four Courts, ginin manyan kotuna a Dublin, a farkon yaƙin basasar Ireland. Takardun ƙarni bakwai suka zama toka, har da wasiyyoyi da mafi yawan ƙidayar 1821 zuwa 1851. Da littafin jagoran takardun ofishin da Herbert Wood ya wallafa a 1919 ake sanin ma abin da aka rasa. To, duk mai ƙasar da ya sayar ta hannun hukumar sai da ya kawo shaidar mallaka: takardun ciniki, wasiyyoyi, yarjejeniyar aure, wasu tun ƙarni na 17. Ba a Four Courts suke ba, shi ya sa suka tsira. Haɗa da rahoton sufetocin da suka taka gona-gona suna rubuta irin ƙasa, gini da magudanar ruwa. A 2022 gwamnatinku ta yi bikin buɗe taskar intanet da ke harhaɗa abin da ya ƙone daga kwafe-kwafen da ke Landan da sauran wurare. Madalla. Amma a kashe kuɗi wajen farfaɗo da toka, wanda wuta ta bari kuma a sa masa kwaɗo, wannan wane irin lissafi ne?

Abin kunyar ma yana Belfast. Kason takardun gundumomi shida na Arewacin Ireland ya koma can bayan raba ƙasa, kuma a buɗe yake a ofishin ajiyar takardunsu. Mai binciken ƙauye a Fermanagh ta Arewa zai ga fayil, maƙwabcinsa na Cavan da ke wannan ɓangaren iyaka sai dai ya ji labari. W. N. Osborough, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tarihin shari'a ta Ireland a 1988, ya rasu a 2020 ƙofar tana yadda ya same ta.

Kada a fake da sirrin mutane. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ba ta shafi mamata ba, kuma ƙidayar 1901 da 1911 tana intanet da sunan kowa da addininsa. A yanka layi a 1923: duk fayil ɗin da aka rufe kafin nan a buɗe shi, na baya kuma a bi tsarin shekara 100 irin na ƙidaya.

Aikin ba sihiri ba ne. Edward Keane ya riga ya yi katin jerin gidajen masu ƙasa wa Ɗakin Karatu na Ƙasa a shekarun 1970. Da shi za a fara, a daidaita lambar kati da lambar akwati. Kati dai nuni ne, ko an sa shi a intanet ba ya maye gurbin takardar. Daga nan gunduma ɗaya a lokaci guda. A cire allurai da filolin da suka yi tsatsa, domin tsatsa tana huda takarda. Taswirar da ta shekara ɗari a naɗe ba a buɗe ta da ƙarfi, tsagewa take yi a kan lanƙwasa. Sai an ɗan ba ta laima sannan a danne ta ta miƙe. A sauya akwatuna da marasa asid, ɗaki ya zauna ƙasa da digiri 20, laimar iska kada ta haura kashi 60, in ba haka ba fumfuna ta kama. A ɗauki hoto kafin a ba kowa, lauya da ɗalibi duk su yi aiki da hoton, asali ya huta.

Batun ma'aikata da kuɗi mun san za ka kawo shi, da batun wurin ajiya a Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke titin Bishop a Dublin. Waɗannan a tattauna.

Muna roƙonka, ka ba mu gunduma ɗaya da ɗakin karatu mai kujera shida a Portlaoise, ka kuma faɗi ranar buɗewa a gaban Dáil inda za a rubuta ta.

Naka,
wasu masu binciken tarihin shari'a da na ƙauyuka