Roƙon tallafi: na'urorin auna ruwa a bakin Kogin Haɗejiya

Assalamu alaikum. Kwamitin masallacin Juma'a na garinmu yana neman gudummawar jama'a domin kafa na'urori 3 na auna tashin ruwa kafin damina ta kankama.

Ruwan da ke cinye mana shinkafa da gidajen ƙasa a Agusta da Satumba daga sama yake gangarowa, ta Kogin Kano da na Challawa inda madatsun Tiga da Challawa suke, ya iso nan ya tarar ciyawar kacala ta toshe masa hanya. Shi ya sa biyu daga cikin na'urorin za su zauna can sama da gari, don mu sami labari kafin ruwan ya iso. Ta bakin gari kuwa, abin da ido ya riga ya gani take faɗa.

Kowace tasha tana buƙatar turken ƙarfe mai mita 4 da hannu mai leƙa ruwa, da na'urar da ke cilla sauti ƙasa ta lissafa nisan ruwan, da farantin sola mai wat 20, batir mai bolt 12, da layin waya da zai riƙa turo saƙo duk minti 15. Za a kuma kafa sandar awo mai fenti kore, rawaya da ja. Da ruwa ya taɓa ja, ladan zai sanar ta lasifika, ko da tsakar dare ne.

Na'urar ba ita ke cin kuɗi ba, tsare ta ne. Turken da aka kafa a kan gaɓa zaizaya ke kayar da shi, don haka za a ja baya, a haƙa rami mita 1 a zuba kankare. Batir sai an yi masa keji da kwaɗo. Zanzaro kan yi gini a bakin na'urar, ciyawar da ruwa ya kwaso ta tsaya ƙarƙashinta, sai ta ba da lissafin ƙarya. Dole duk mako wani ya je ya goge, ya gwada da sandar awo. Layin da aka bari ba kati kuma rufe shi ake yi.

Muna karɓar kuɗi, siminti, rodi, ko aikin walda. A miƙa wa ma'aji bayan sallar Juma'a a karɓi rasit. Lissafin kayan yana manne a ƙofar masallaci. Allah Ya saka da alheri.