Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Arewa Kan Haƙƙin Malaman Firamare

Masu girma gwamnoni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Kowannenku akwai malamin da ya riƙe masa hannu a aji ɗaya, ya ɗora yatsunsa a kan fensir har baƙi da wasali suka zauna. Arewa kuwa a hannun malaman makaranta ta tashi: Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi, Malam Aminu Kano da Shehu Shagari duk sun riƙe alli. Ranar 5 ga Oktoba ta kowace shekara ana taruwa a yaba wa malamai, kuma sun cancanci yabon. Sai dai godiyar da muke roƙo ku yi musu tana cikin fayil ɗinsu ne, daga ranar ɗaukar aiki zuwa ranar da fansho zai fara shiga.

Malamin da zai yi ritaya ana neman takardar ɗaukarsa aiki, da ta tabbatar da shi, da duk takardun ƙarin girma, da shaidar shekaru, da takardar albashinsa ta ƙarshe. Fayil ɗin yana tashi daga ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya je hukumar ilimin firamare ta jiha, wato SUBEB, ya bi ta wurin masu binciken kuɗi, sannan ya isa hukumar fansho. Takarda ɗaya ta ɓace, ko gara ta cinye ta a sito, ko shekarar haihuwa ta saɓa tsakanin takardu biyu, sai komai ya tsaya. Albashi kuwa an riga an yanke shi tun watan da ya ajiye aiki. A wannan tsakanin ne dattijon da ya yi shekaru 35 a gaban allo yake sayar da gonarsa ta gado don ya ci abinci.

Maganin ba mai tsada ba ne. Ranar ritayar kowane malami sananniya ce tun daga takardarsa ta farko. A fara duba fayil ɗinsa shekara guda kafin lokacin, a ɗauki hoton kowace takarda a adana a kwamfuta, a gyara saɓani yana bakin aiki. Kada a cire sunansa daga jerin masu albashi sai watan da ya shiga jerin 'yan fansho.

Inda aka fi cutar malamai shi ne ƙarin girma na takarda. Ana ba mutum wasiƙar mataki na 12 ko na 13, amma ya ci gaba da karɓar kuɗin mataki na 10 shekara da shekaru. Idan ya zo ritaya aka yi lissafi da takardar albashinsa ta ƙarshe, garatuti da fansho duk za su fito a kan tsohon mataki, asarar ta bi shi har kabari, ta wuce kan marayunsa. Ya kamata lissafin ya bi wasiƙar ƙarin girma, a kuma biya ariyas. A tsarin fansho na karo-karo, dokar tarayya ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10. Ko wane kaso dokar jiharku ta tsayar, kuɗin da aka cire daga albashin malami amana ne. A zuba shi a watan, a kuma ba shi shaidar abin da ya taru.

Sai tantancewar 'yan fansho. Ba ma musun amfaninta wajen tsame sunayen bogi, amma bai dace a tara masu hawan jini da masu shanyewar ɓarin jiki a babban birni, a kan layi, cikin rana ba. Jami'ai su je ƙananan hukumomi, marasa lafiya a same su a gida. A kuma riƙa sabunta takardar magada, domin iyalan mamata ne suka fi shan wahalar bin fayil.

Dokar tarayya ta 2022 ta mayar da ritayar malamai shekaru 65 na haihuwa ko 40 na aiki, amma ba kowace jiha ce ta aiwatar da ita ba. Kowace jiha ta fito ta faɗi matsayinta a rubuce. Haka nan tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, malamai ke fargabar komawa halin farkon shekarun 1990, lokacin da albashinsu ke hannun ƙananan hukumomi ana bin watanni. Ku zauna da ciyamomi da ƙungiyar malamai ta ƙasa, wato NUT, a kafa doka a jiha cewa albashi da fanshon malaman firamare su za a fara cirewa kafin a taɓa ko sisi.

Allah Ya yi muku jagora, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Wassalam,
Wasu tsofaffin jami'an ilimi na ƙananan hukumomi