Kafin a kai talabijin wajen mai gyara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu haɗa kwamfuta da talabijin da wayar HDMI, wato wayar da ke kai hoto da murya. Da zarar allo ya nuna "No Signal", sai a ce talabijin ta mutu, alhali galibi lafiyarta ƙalau.

A fara duba ramin da aka soka wayar. In HDMI 2 ne, a danna Source a rimot a zaɓi HDMI 2. Sannan a kwamfuta a danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi Duplicate, don hoton kwamfuta ya fito a talabijin. In shiru, a zare filogin talabijin daga bango na minti ɗaya, a mayar. Waya mai arha da ta haura mita 10 ma takan sa hoto ya riƙa ɗaukewa, a gwada gajera.

Hoto ya zo, murya na fita ta kwamfuta? A danna alamar lasifika a ƙasan allo, a zaɓi sunan talabijin. Masu jona manyan lasifika kuwa, sai a ramin da aka rubuta ARC, kuma a saitin talabijin a kunna CEC, wato tsarin da ke sa na'urorin da aka haɗa da HDMI su yi aiki tare. Samsung na kiran CEC da Anynet+, LG kuma SimpLink.

Da damina, hadari na tasowa a zare wayar dish da ta HDMI, don tsawa takan ƙona ramin.

Naku,
Mai gyaran kayan lantarki, Kano