Wasiƙa zuwa ga ɗana kan hirarku ta naɗin alƙalai

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan sai godiyar Allah.

Ƙanwarka ta faɗa mini cewa tun da zancen naɗin alƙalai ya shigo hirarku ta dare, har akwai abokin da kuka daina gaisawa. Ni ban ga laifin hirar siyasa ba, gara a yi ta da a zauna ana cin naman mutane. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ta ce ba ka rabuwa da ita: wai kowane alƙali yaron wanda ya naɗa shi ne.

Kafin ka sake faɗin haka, ka san yadda ake naɗin. A Najeriya, sashe na 231 na tsarin mulkin 1999 ya ce Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ita ke miƙa sunan alƙalin Kotun Ƙoli, shugaban ƙasa ya naɗa, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Sai wanda ya shekara 15 da zama lauya ake dubawa, kuma yana cika 70 zai sauka. In kana neman inda baki ke karkata, duba NJC ɗin kanta: Alƙalin Alƙalai ne shugabanta, kuma shi ke zaɓen da yawa daga cikin 'yan majalisar. Lauyoyi sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan, domin alƙalai ne ke zaɓen magadansu. Wannan magana ce mai nauyi, amma da wuya ka ji ta a bakin masu hira, don ba ta da jam'iyya, ba a samun wanda za a tsokana da ita.

A Amurka shugaban ƙasa ne da kansa ke zaɓen alƙalin Kotun Ƙoli, Majalisar Dattawa ta amince, kujerun tara ne kacal, kuma alƙali na zaune har ya mutu ko ya gaji don kansa. A Maris 2016 Obama ya gabatar da Merrick Garland, 'yan Rifablikan suka ƙi ko da sauraronsa, suka ce shekarar zaɓe ce, a bar wa sabon shugaba. A Oktoba 2020, saura kamar mako guda a yi zaɓe, su ɗin dai suka tabbatar da Amy Coney Barrett da Trump ya kawo. Ƙa'idar da aka rantse da ita ta narke ranar da wuƙa da nama suka dawo hannu. Wannan halin nake jin tsoron ka ɗauka ba ka sani ba.

Ka tuna shari'ar gwamnan Kano. A Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf, a Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi bayanta, a Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta ce shi ne gwamna. Cikin wata huɗu, waɗanda suka ce an sayi shari'a suka koma cewa Allah ya yi wa alƙalai albarka, masu yabo kuma suka koma zagi. Tambayi kanka mutum nawa cikin ɓangarorin biyu suka karanta hukuncin, ko suka san a kan me aka soke ƙuri'un da aka soke, da dalilin da ya sa aka mayar da su. Kowa ya duba wa ya ci, sannan ya yanke wa kotu nasa hukuncin. In za ka auna alƙali, ka auna shi da mudun da za ka yarda a auna maka ranar da naka ya faɗi.

Batun yaron wanda ya naɗa shi kuwa, tarihi bai goyi bayanka duka ba. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta tilasta wa shugaban ƙasa Nixon ya miƙa faifan muryoyin da ya ɓoye, babu alƙali ɗaya da ya saɓa, alhali uku daga cikin masu hukuncin shi ya naɗa su, har da Warren Burger da ya rubuta shi. Bai ƙara wata guda a mulki ba. A Kenya, shugaba Uhuru Kenyatta ya naɗa David Maraga Alƙalin Alƙalai a 2016, a Satumba 2017 kotun Maraga ta soke zaɓen Uhurun.

Ba ina cewa ka zama mai yarda da komai ba. Dakatar da Alƙalin Alƙalan Najeriya Walter Onnoghen a Janairu 2019, ana saura makonni a yi zaɓe, abu ne da ya cancanci a yi ta tambaya a kansa, kowace jam'iyya mutum yake. Malamanmu ma sun san haɗarin kusantar masu mulki. Imam Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga halifa Mansur har aka tsare shi a Bagadaza. Sai dai tambaya daban, ƙazafi daban. Cewa wane ya karɓi kuɗi ba ka gani ba, ba ka da shaida, nauyi ne a wuyanka, ko da cikin raha ka faɗa. In kuwa a WhatsApp ka rubuta, ka sani magana zarar bunu ce, ta can ma har hotonta ake ɗauka a ajiye.

Shi kuma abokin naka, ka je ka same shi, kada ka aika. Ba sai ka ce ya fi ka gaskiya ba. Ka tambaye shi jikin mahaifiyarsa da yadda aiki ke tafiya, ka bar maganar kotu sai ta taso da kanta. 'Yan siyasar da kuke faɗa dominsu suna haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'yan juna, gobe ma kana iya ganinsu a jam'iyya ɗaya.

Akwai kuma abin da nake so ka kai musu in kun sake zama. Yawancin mutane har su mutu ba za su taka Kotun Ƙoli ba. Alƙalin da zai taɓa rayuwarka shi ne majistare ko alƙalin ƙaramar kotu, mai duba rikicin haya da gado da fili da belin yaron da aka kama. Tambayi abokanka wa ya san yadda ake naɗa waɗannan, da inda ake kai ƙorafi in sun yi ba daidai ba. Ka bincika na jihar da kake zaune, in ka samu ka rubuto mini, ni ma ina so in gani.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka kira ta ranar Juma'a. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.