Rahoton Kwamitin Gina Manhajar Zana Taswirar Alaƙa Mai Rukuni Cikin Rukuni

Kwamitin da aka ɗora wa gina manhajar zana taswirar alaƙa ya kammala aikinsa, kuma manhajar tana aiki a burauza ba sai an girka komai ba. Abu biyu aka nema: rukunin da zai iya ɗaukar wani rukuni a cikinsa, da igiya guda (layin da ke nuna alaƙa) da za ta ɗaure kulli (abin da ake haɗawa a taswirar) fiye da biyu, wadda muke kira igiya mai rassa.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya sai da aka duba abin da ke ƙasa. Graphviz, wata manhajar zana irin wannan taswira, yana da rukunoni, amma kowace igiyarsa baki biyu gare ta. Cytoscape.js, wani kayan zana taswira a burauza, yana barin kulli ya zauna cikin wani, sai dai uwa ɗaya tak, wato kullin da ke ɗauke da shi, ya yarda da ita. Tsarin fayil na GraphML ya tanadi duka biyun, shi ya sa aka ɗauke shi don adana aiki. Wajen fasalin zane kuwa, mun jingina da tsarin da David Harel ya fito da shi a 1988, inda rukunoni ke iya shiga juna.

Harsashin ginin shawara ɗaya ce: igiya mai rassa abu ce mai zaman kanta, da lambar shaidarta da jerin bakunanta, kowane baki da alamar shiga ko fita. An kawo shawarar a farfasa ta zuwa igiyoyi masu baki biyu, aka ƙi. Igiya mai baki 5 za ta koma 10, mai baki 10 ta koma 45, kuma idan aka sake buɗe fayil babu yadda za a gane asalinsu abu ɗaya ne. A kan allo ana zana ta da ɗan ɗigo a tsakiyar kullayen, rassan suna fita daga gare shi.

Rukunoni ne suka fi cin lokaci. An raba mazauni da zama mamba: kowane kulli mazauninsa ɗaya, amma yana iya zama mamban rukunoni da yawa, kuma wannan na biyun a ƙarin bayani ake rubuta shi cikin fayil. Ana auna matsayin kulli daga kusurwar uwarsa, ba daga kusurwar allo ba, saboda haka jan babban rukuni lamba biyu kawai yake canzawa. Girman rukuni kuma daga ciki ake lissafa shi zuwa waje, da ratar fiksel 12 a kowane gefe. Nan ne aka yi tuntuɓe: a gwaji, aka jefa rukuni cikin jikansa, wato wani rukunin da ke can cikinsa, lissafin ya yi ta zagaye har shafin ya sandare. Yanzu kafin a karɓi jifa, manhajar tana bin kakannin wurin da aka nufa ɗaya bayan ɗaya. In ta ci karo da abin da ake ja, sai ta mayar da shi inda yake.

Gogewa ma ba ta zo da sauƙi ba. An yi umarni biyu, na rushe katangar rukuni a bar kayansa, da na kwashe shi duka. Igiyar da ta rage da baki ɗaya ba a goge ta, jan launi ake shafa mata, mai aiki ya yanke hukunci. Duk abin da gogewa ɗaya ta taɓa ana rubuta shi a matsayin aiki guda, don maɓallin komawa baya ya dawo da shi gaba ɗaya. In an naɗe rukuni, rassan da suka shiga cikinsa suna haɗewa a katanga da lambar yawansu.

Da SVG, hanyar zane a burauza da ke riƙe kowace siffa a matsayin abu daban, aka fara zane, amma da kullaye suka yi yawa jan linzamin kwamfuta ya riƙa sarƙewa, domin hoto 60 a daƙiƙa ba ya ba kowane hoto fiye da kusan milisakan 16. An koma Canvas, inda ake zana komai a matsayin hoto ɗaya, aka kasa allo gida huɗu-huɗu don gano abin da aka latsa. In rukunoni sun hau juna, na can ciki ne ke amsawa.

Saura jera taswira kai tsaye. ELK, wata manhajar jera taswira, yana jera rukuni cikin rukuni yadda ya kamata, amma bai san kulli mai rukuni biyu ba, don haka a yanzu tambari mai launi ne ke nuna rukuninsa na biyu.