Godiya ga ofishin tsofaffin sojoji na garin Marwa, Kamaru

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, shugaba da ma'aikatan wannan ofishi.

Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a domin 'yan'uwana da suka ajiye kaki su ji. Shekara 11 na yi ina aikin soja, har ranar da nakiya ta tashi da motarmu tsakanin Mora da Kolofata, lokacin da yaƙin Boko Haram ke kan ganiyarsa. Na tsira da raina, amma ƙafar hagu ba ta koma daidai ba.

Batun fansho ne ya kawo ni wurinku, ina dogara sanda. Hajiyar da ke teburin farko tana bin takarduna ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsaya a kan wata da ta yi jawur don tsufa, duk ta karye a wurin ninki. Shaidar bakaloriyata ce, wato ta kammala sakandare, wadda ni kaina na manta tana ciki. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, me ya hana ka jami'a?" Na ce shekaru sun ja. Ta ce ai gemu ba ya hana ilimi, ta jawo min kujera.

Daga nan ba ku sake ni ba. Kun nuna min inda ake buga hatimi, kun rubuta min wasiƙar shaida, kun nema min tallafin da ya biya sefa 50,000 na rajistar shekara. Ga mai albashi kuɗin ba su da yawa, amma mai 'ya'ya huɗu da kuɗin magani ya san nauyinsu. Yau ina shekara ta biyu a fannin shari'a a Jami'ar Marwa, wadda aka buɗe a 2008, ina zaune aji ɗaya da sa'o'in ƙannena, suna kirana Baba Soja.

Ina da roƙo guda, ku kai mana shi Yawunde. A Amurka, tun 1944 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, fiye da miliyan 2 suka shiga manyan makarantu ta dalilinta. Mu ma a ware mana kaso tsayayye a kasafin kuɗin ƙasa, har da marayun abokanmu da suka kwanta dama a Fotokol da Amchide.

Hajiya, sakamakon jarrabawar bana ya fito, na ci. Ranar Litinin zan kawo miki shi da hannuna, in Allah ya yarda. Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Tsohon soja, ɗalibi a Marwa