Wasiƙa zuwa Jidda: yadda ake bin mota da kamara

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya zafin Jidda, ya kuma haƙuri da rashinmu? Nan gida kowa lafiya lau. Na leƙa na gaida Hajiya ranar Juma'a, tana nan garau, ƙorafinta ɗaya ne, wai ba ka kiranta a waya kamar da. Na isar da saƙo, saura ya rage naka.

Hotunan motocin da ka ɗauka a titin bakin teku sun iso. Ka ce jar motar nan gudu take shararawa lokacin da ka ɗauke ta. Na yarda da kai don na san ba ka ƙarya, amma hoton bai ba ka shaida ba. Duk wanda ya gan shi zai rantse a fake take, direba ya shiga kanti sayen ruwa. Har ramukan wilin taya ana iya ƙirgawa. Da yake a matsayin fayil ka turo su, na duba bayanan da kamara ta rubuta a jikinsu, na ga labulen kamararka, wato marfin da ke buɗewa haske ya shiga a ɗauki hoto, ya buɗe ya rufe cikin 1/2000 na sakan. To ka yi lissafi da kanka. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 16 da ɗoriya a kowane sakan. A ɗan lokacin da ka ba ta, ko santimita ɗaya ba ta matsa ba. Ina gudu zai fito?

Sai kuma tambayar da ka yi, ko ka sayi babban gilashin kamarar nan (lens) na 70-200 mai f/2.8 kafin tseren Formula 1 na garinku. Ka riƙe riyalinka tukuna. Gilashi ne mai kyau, ban musa ba, amma ba shi ke damun hotunanka ba, kuma in ka saye shi yau irin hoton nan dai zai ba ka, sai dai ya fi wancan fitowa tar. Abin da kake nema shi ne dabarar fanin, wato bin mota da kamara yayin da labule yake buɗe, kuma wannan a ƙugu da kafaɗa take zaune. Gilashinka na 55-250 ya isa har ya yi yawa.

Ka tuna in muna tafiya Zariya wata mota ta jera da tamu, gudunmu ya zo ɗaya? Direbanta kana ganinsa sarai, har goron da yake ci, amma itatuwan da ke bayansa sun narke sun zama zane. Abin da ake so kamara ta gani ke nan. In ka juya da ita daidai da gudun motar, motar za ta tsaya wuri guda a kan sensa, wato ɗan allon da ke karɓar hoto a cikin kamara, ta fito garau, duk abin da ke bayanta kuma ya ja layi-layi. Tayoyi su ma su narke, tunda su juyawa suke yi, bin da kake yi bai tsayar da su ba. Mai kallo daga narkewar baya da ta taya yake gane ana gudu.

Saitin kamara ba shi da wahala, don haka bari in wuce shi da sauri. Ka murɗa ta zuwa Tv, tunda Canon gare ka (a Nikon da Sony S ake rubutawa), don kai ka zaɓi saurin labule ita ta zaɓi ƙofar haske. ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, ka bar shi a 100. Fokas, wato saitin abin da zai fito tar a hoto, ka sa shi a AI Servo, wanda wasu kamfanoni ke kira AF-C, don ya riƙa bin motar ba tare da ya kulle wuri ɗaya ba, ka kuma zaɓi ɗigon fokas guda na tsakiya ko ɗan rukuninsa. Ka kunna ɗauka a jere. In gilashinka yana da maɓallin hana rawar hannu mai lamba 1 da 2, lamba 2 ce ta wannan aiki, domin rawar sama da ƙasa kawai take gyarawa, ta ƙyale juyawar da kake yi da gangan. In babu lamba, ka gwada a kunne ka gwada a kashe, ka ga wanda ya fi maka.

Saurin labulen ne ake ta muhawara a kai. Akwai wata ƙa'ida da masu hoton tsere ke farawa da ita: gudun motar a kilomita, shi za ka sa a ƙasan lamba ɗaya. Mota mai gudun 60, ka sa 1/60. Mai 120, ka sa 1/125. Na zauna na buga lissafinta don in ga dalili, sai na tarar a kowane hali motar tana matsawa kusan santimita 28 kafin labule ya rufe. Ko motar tsere ce mai gudun 250 ka sa mata 1/250, santimita 28 ɗin nan dai za ka samu. Ashe abin da ƙa'idar take yi shi ne ta ba ka ja iri ɗaya a bayan hoto ko da wace mota ce. Amma mafari ce kawai. Ni dai a ganina hoto ba ya fara daɗi sai an sauko ƙasa da ita, mota mai gudun 60 a 1/30, inda baya ke narkewa gaba ɗaya har ba ka gane allon talla daga bango. Farashinsa shi ne yawancin abin da ka ɗauka shara ne. Kada ka fara daga nan. Ka soma da 1/125, in hannunka ya zauna ka sauko 1/80, sannan 1/60. Mai gaggawar zuwa 1/15 a ranar farko zai koma gida da kati cike da dishi-dishi, ya ce kamara ce ba ta da kyau.

Yanzu ga inda aikin yake. Ka tsaya ƙafafunka a ware daidai faɗin kafaɗa, ka fuskanci inda kake so ka danna, ko ma ɗan gaba da nan, inda motar za ta fice. Ƙafa ba ta motsi daga nan har a gama. Sai ka murɗa jikinka daga ƙugu zuwa inda motar ke ɓullowa. Hikimar ita ce, a farko kana a murɗe, amma yayin da motar ke matsowa jikinka warwarewa yake yi, har ya zamana a daidai lokacin dannawa kana tsaye yadda ka fi sakewa. Gwiwoyin hannu a manne da haƙarƙari, hannun hagu a ƙarƙashin gilashi, kamara a jingine da goshi. Ka leƙa ta ƙaramar tagar ido, ka manta da allon baya, domin riƙe kamara nesa da fuska shi ke kawo rawa. Wuya da hannu ba su da aiki a nan, ƙirji da kai da kamara duk tare suke juyawa.

Ka kama motar tun tana nesa, ka ɗora ɗigon fokas a wuri guda a jikinta, marfin ƙofa ko madubin gefe ko kan direba, ka riƙe shi a nan. Kada ka ce motar gaba ɗaya kake bi, ido ba ya iya riƙe abu mai girma haka. In ta kusa zuwa saitinka ka danna a hankali, ka bar kamara ta yi ta-ta-ta, kuma kada ka tsaya. Wannan ne abin da ya fi wuyar shiga jiki: da mutum ya ji ƙarar labule sai hannunsa ya ce an gama, ya tsaya cak, alhali labulen bai rufe ba. Ka raka motar har ta ɓace, ko da ka ɗaga yatsa. Za ka lura a jerin hotuna biyar ko shida, na tsakiya ne suka fi fitowa, domin na farko yana ɗauke da girgizar dannawa.

Wani abu da zai ba ka mamaki: za ka ga ƙofar mota ta fito tar amma hancinta da bayanta sun ɗan yi hazo. Ba laifinka ba ne. In mota tana kusa da kai, gabanta da bayanta ba su gilma maka da sauri ɗaya, kai kuma wuri guda kawai za ka iya bi. Maganinsa ka ja da baya, mita goma sha biyar ko ashirin daga titi, ka jawo ta da gilashi, ka kuma danna lokacin da gefenta ya fuskance ka sosai. Nisan yana da wani amfani, yana rage saurin juyawar da jikinka zai yi. Ni kuwa ban ƙi ɗan hazon nan ba matuƙar fuskar direba ta fito.

Rana ce babbar abokiyar gabarmu, mu da ku. A tsakar rana mai ƙarfi, a ISO 100, hasken da ya dace shi ne ƙofar haske f/16 a 1/100 (lambar f na ƙaruwa, ƙofar na ƙanƙancewa). In ka sauko 1/30 kamara za ta nemi wajen f/29, yawancin gilasai kuma a f/22 ko kusa da haka suke tsayawa, sai hoto ya ƙone fari fat. Ko bai ƙone ba, ƙaramar ƙofa irin wannan tana tona duk ƙurar da ke kan sensa, ka ga ɗige-ɗige a sararin sama. Mu nan da hunturu ba a magana. In har kuɗin nan yana maka ƙaiƙayi, to ka sayi baƙar filta ta ND8, wadda ke rage haske zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Da ita 1/30 zai zauna a wajen f/10 ko f/11. In babu, ka jira bayan la'asar sakaliya.

Ni a titin BUK nake atisaye, gefen badala, da yamma. 'Yan adaidaita sahu su ne malamaina: ba sa ƙarewa, ba su da gudun da zai gagare ka, ga launin ɗorawa da ke tashi a kan jan bangon ƙasa. Matsalarsu ɗaya, ba ka sanin lokacin da ɗayansu zai taka birki don ya hango fasinja, kai kana can ka wuce da kamara. Ba na zuwa ni kaɗai saboda masu ƙwacen waya, mutum idonsa na cikin kamara bai san wa ke bayansa ba. Kai naka tsoron daban ne, ka fi ni sanin ƙasar da kake: ka nisanci gine-ginen hukuma, kada ka ɗauki fuskar mutane ba izini, lambar mota kuma ka goge ta kafin ka sa a Instagram. Sannan ka zaɓi baya mai tarkace. A hotunanka teku da sama ne a bayan motocin, su kuwa ko an ja su ba a ganin ja, shuɗi ne kawai. Ka tsallaka ɗaya gefen, ka sa itatuwan dabino da shaguna da fitilu a bayansu.

Ka nemi wani tsohon hoto na Bafaranshen nan Jacques Henri Lartigue, wanda ya ɗauka a wani tseren motoci a Faransa gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana matashi. Tayar motar ta zama ƙwai ta karkata gaba, 'yan kallo da turakun bakin hanya sun karkata baya. Labulen kamararsa tsaga ce da ke ratsa hoton daga gefe guda zuwa ɗaya, ba lokaci ɗaya take buɗe shi ba, shi kuma yana bin motar amma bai kamo gudunta ba. Na kawo maka shi ne domin abin bai mutu ba. Labulen lantarki marar ƙara da ke cikin wayoyi da sababbin kamarori layi-layi yake karanta sensa, don haka in ka yi fanin da shi za ka ga falwayoyi sun kwanta gefe. In kamara ta ba ka zaɓi, ka tsaya a kan labulen ƙarfe mai ƙara.

Maganar tseren kuwa, kada ka raina shi. Tun da aka fara shi a Disamban 2021 aka san da'irar Jidda da gudu: tsawonta ya ɗan haura kilomita 6, tana da lanƙwasa 27, matsakaicin gudu a zagayen neman gurbi yana kaiwa wajen kilomita 250 a awa. Da dare ake yi, saboda haka filta ba ta da aiki, sai ma ka ɗaga ISO zuwa 800 ko sama. Ka nemi wurin zama kusa da kwanar da suke rage gudu, ka fara da 1/250, kan direba shi ne wurin ɗora fokas. Ragar waya da ke tsakaninku za ta so ta sace maka fokas. In ta dame ka, ka saita shi da hannu a kan kwalta inda motoci ke bi, ka bar shi a nan, juyawar da kake yi za ta narkar da ragar. Ka tafi tun ranar gwaji, mutane ba su cika ba, motoci kuma suna ta zagaye. Ka kuma karanta sharuɗɗan tikiti game da girman kamarar da ake bari a shiga da ita, kada a tsare ka a ƙofa.

Kafin nan dai ina jiran sababbin hotuna daga bakin teku. Ka turo har da waɗanda suka lalace, domin daga yanayin lalacewar zan gane ko hannunka ne ke tsayawa ko ƙugunka ne ke wuce mota. Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa babban ina sane da alkawarin kekensa. In ka samu shiga Makka ka sa mu a addu'a. Kuma don Allah ka kira Hajiya.

Wassalam,
naka amini, daga Kano.